Takardu Uku a Cikin Durowa

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Wanda yau ya shigo, ga inda aka kwana: yarinyar nan ta aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda 'yan ajinsu ke kira Lauya saboda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ɗauki babbar rular allo ta fasa wa Monita baki har haƙori ɗaya ya fita. Yau ƙarfe tara za a zauna a kore ta.

*

Ƙarfe bakwai da kwata Malamin Lissafi ya shiga ɗakin malamai. Babu kowa sai fanka tana ƙara.

Ko jaka bai ajiye ba ya wuce teburinsa, ya jawo durowar ƙasa, wadda sai an ɗan ɗaga ta take buɗewa. Suna nan inda ya bar su, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa. Guda uku, duk daga tsakiyar littafin rubutu aka yago su, an ninke kowacce gida huɗu.

Ya san abin da ke ciki kamar yadda ya san sunansa. Duk da haka sai da ya buɗe ta farko.

"Malam, in babu malami Monita yana sa ɗan ajinmu mai in'ina ya tashi ya faɗi sunansa sau goma, yara suna dariya. Na ce ya bari. Na koma kusa da shi na zauna. Yanzu na gaya maka. Saura kai."

Shi ya koya musu. Da hannunsa ya rubuta a allo farkon zango, bayan ya dawo daga bitar da aka tura shi kan cin zali. In ka ga ana zaluntar wani, ka ce a bari. Ka tsaya kusa da shi. Ka gaya wa malami. Ya buga tebur ya ce musu uku naku ne, na huɗu nawa ne, ku dai ku yi naku ku gani.

Yara arba'in da biyu suka kwafa a littafi. Ita kaɗai ta ɗauka da gaske yake.

Ya ɗaga kai ya dubi dogon teburin tsakiya. Littafin Rahoto yana can, baƙi mai kauri, an ɗaure shi da igiya a ƙafar tebur don kada ya yi ƙafa. Dokar makarantar ita ce duk abin da ya faru a aji, faɗa ne ko zagi ko cin zali, malamin ajin ya rubuta a shafin ajinsa. Kowane malami kuma sai ya karanta ya sa hannu da safe kafin ya ɗauki alli. Da haka mai shiga aji yake sanin wane yaro ne ba a haɗa shi benci da wane, wane ne ba a barinsa shi kaɗai.

Sai aka zo da maganar kofi. Duk ƙarshen wata, ajin da shafinsa ya fi na kowa fari shi ake miƙa wa kofi a taron safe, a tafa wa malaminsa. Wata bakwai ke nan kofin bai bar ajin Malamin Lissafi ba. Har an fara raɗe-raɗin kujerar Mataimakin Shugaba da za a bari ƙarshen zango shi za a ba.

Shafinsa fari tas. Kuma shi ya san abin da ya sa.

Ƙofa ta yi ƙara. Ya yi wuf ya kifa tafin hannu a kan takardar.

Malamar Kimiyya ce. Ta shigo idanunta a kumbure, ta jefa jaka a kujera.

"Ka riga ni."

"Ina da makin da ban gama ba."

"Ni ko runtsawa ban yi ba." Ta zauna daɓas. "Malam, ni na ba shi makullin nan. Ka sani?"

"Na ji."

"An kaɗa ƙararrawar tara, ina sauri, na ce Monita ungo, in kowa ya fita ka kulle ajin da kwabad ɗin tsintsiya. Da hannuna. Na ba kura ajiyar nama."

"Ba ki sani ba ne."

"To ai shi ne. Ina zan sani? Kullum sai na karanta littafin can na sa hannu. Shafin ajinku kamar madara. Na ce wannan aji na 'yan aljanna ne."

Ta juyo wajensa.

"Ka san yadda na samu yaron da na ɓalle ƙofar kwabad ɗin tsintsiya? Ya jiƙa wandonsa. Monita ya ce masa ba zai fito ba sai ya ce a buɗe min ba tare da ya yi in'ina ba. Rabin awa yana gwadawa a cikin duhu."

"Malama, ya isa."

"Bai isa ba. Kai ne malamin ajin. Duk watannin nan ko ƙishin-ƙishin ba ka taɓa ji ba?"

"Yara ne. Ba komai suke faɗa ba."

Ta dube shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai ya ji hannunsa ya ƙara danne takardar. Idonta ya sauka a wurin. Gefen takardar ya leƙo ta tsakanin yatsunsa, rubutu ƙanana a tsaye kamar an jera ashana.

"Wannan rubutun Lauya ne."

"Aikin gida ne."

"Duk mako ina duba littafinta. Aikin gida ba a ninke shi haka. Ɗaga hannunka."

"Malama..."

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Ta karanta a tsaye. Ta leƙa durowar da ke buɗe, ta ɗauko sauran biyun ba ta nemi izini ba. Ta biyu ta ce Monita ya fara karɓe wa yaron abin tara yana zubarwa a kwandon shara. Ta uku layi biyu ne kacal. "Malam, ya ce zai kulle shi. Don Allah ka rubuta a littafi sauran malamai su sani."

Ta duba kwanan watan da ke sama.

"Kwana tara kafin in ba shi makulli."

"Na ɗauki mataki."

"Wane mataki?"

"Na kira shi na ja masa kunne."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Me ka ce masa?"



"Na ce an kawo min ƙararsa, ya kiyaye."

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"An kawo maka ƙararsa. A ajin da mutum ɗaya ce take iya buɗe baki. Ai da ka kama hannunta ka miƙa masa kawai, ka huta."

"Ki fahimce ni. Yaron nan shi ke riƙe min ajin. In na fita ko tari ba a yi. Na ce in na rubuta shi, an cire shi daga monita, aji ya watse. Na ce zan gyara a cikin gida."

"Ka ce dai kofi."

Kalmar ta zauna masa a ƙirji. 

"Ka san dokar," ta ce. "Wanda ya fitar da jini babu ƙara a rubuce kafin nan, kora ce. In akwai ƙara, hutun mako ɗaya ne a yi bincike. Makarantar yarinyar nan gaba ɗaya tana cikin durowarka."

"Za ki faɗa?"

"Ba ni aka ba wa ba. Ba ni kuma cikin zaman, ina da aji uku har ƙarfe goma." Ta ajiye masa takardun a gabansa ɗaya bayan ɗaya. "Ni dai nawa zan sauke."

Ta wuce teburin tsakiya, ta buɗe Littafin Rahoto, ta nemo shafin ajinsa. Yana kallo ta cire murfin biro. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta cewa ita ta ba Monita makulli, ta rubuta yadda ta samu yaron, ta sa hannu. Rubutu na farko a wata bakwai.

Ta ɗauki allinta. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Malam."

*

Tara saura kwata ya nufi ofishin Shugaba, takardun a aljihun rigarsa na gaba. Bai san me ya sa ya ɗauko su ba. Wata zuciyar ta ce don ya nuna, wata ta ce don kada wani ya sake gani.

Suna zaune a bencin baranda. Lauya cikin kayan makaranta a goge, hannuwanta a kan gwiwa. Kusa da ita babanta, bakanike ne, ya sa riga mai tsabta amma baƙin mai bai fita daga farcensa ba.

Yana hango Malam ya miƙe, ya rusuna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya ɗawainiya da yaran nan?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Aiki mun rufe yau. Wannan ya fi aiki." Ya juya. "Ke, ba ki ga malaminki ba?"

Ta miƙe.

"Ina kwana, Malam."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Lafiya," ya ce, bai kalli fuskarta ba.

Bakanike ya ja shi gefe kaɗan, ya rage murya, amma irin muryar da ta saba da ƙarar inji ba ta raguwa.

"Malam, na gode da gaskiyar da ka gaya min jiya a bakin get. Wani ne sai ya rufa min, in zo nan in yi ta haƙilo a kan ƙarya. Ta ce min wai ta rubuto maka har sau uku. Na ce to bari in ji daga bakin malami. Ka ce ba ka ga komai ba. Shi ke nan."

"Ai... abin da yawa ne, yara..."

"A'a, kada ka kare ta. Na koma gida na tara ƙannenta na ce ku kalle ta, wannan da nake cewa ku yi koyi da ita, maƙaryaciya ce. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, sunan uwata gare ta. Amma jiya na gaya mata wadda ta fi duka." Ya goge fuska da tafin hannu. "Tun jiya ko ruwa ba ta sha ba. Taurin kai, irin nawa ne."

Bakanike ya ƙara matsowa.

"Alfarma ɗaya nake roƙo, Malam. Ni ban yi karatu ba, takardar sayen kaya ma ita ke karanta min. In aka kore ta da wannan shaida babu makarantar da za ta karɓe ta a tsakiyar shekara. Ka sa baki. A yi mata bulala, a sa ta wankin bayi har ƙarshen zango, na yarda. Kada dai a kore ta. Maganarka tana da nauyi a wurin nan, kowa ya ce kai ne malamin da ajinsa ya fi tarbiyya."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya yi tsaki.

"Mai motar da na bari a kan jak ne. Minti ɗaya, Malam."

Ya sauka daga baranda yana cewa ranka ya daɗe wallahi yau ba zai yiwu ba.

Aka bar su su biyu.

Malamin Lissafi ya tsaya kamar an dasa shi. Ita ta koma ta zauna, tana kallon takalminta.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Ya kamata ki ci."

Ya ɗan matso kusa da bencin.

"Da babanki ya ce ƙarya kike... me ya sa ba ki nace ba?"

"Na nace. Ya ce malami ba ya ƙarya."

Ya ji aljihun rigarsa ya yi nauyi kamar an zuba masa duwatsu.

"Ai da ba ki doke shi ba."

"Sau uku na ce ya ba ni makullin. Ya ɗaga shi sama yana cewa in yi tsalle. Ina jin yaron a ciki yana buga ƙofa." Ta ɗago a karon farko. "Malam, ba ka gaya mana abin da za mu yi ba in mun yi ukun ba a yi na huɗun ba."

Babu rashin kunya a muryarta. Tambaya take, irin wadda take yi in bai gama bayanin lissafi ba.



"Ya zo yau?" ta ce.

"Wa?"

"Shi."

"Bai zo ba."

"Ba zai zo ba. Duk ajin sun ga wandonsa."

Ƙofar ofis ta buɗe. Masinja ya leƙo.

"Shugaba ta ce ku shigo."

*

Shugaba tana bayan teburinta, tabarau a kan hanci. A kujerar dama uwar Monita ce, ta haɗe rai, jakarta a kan cinya. Monita bai zo ba, an ce bakin ya kumbura. An kwanto Littafin Rahoto daga igiyarsa an ajiye a tsakiya.

Bakanike ya zauna a bakin kujera. Lauya ta tsaya a bayansa. Malamin Lissafi ya zauna a gefe, kusa da taga.

"Ba za mu ja magana ba," in ji Shugaba. "Ina da wani zaman ƙarfe goma. Kowa ya san abin da ya faru."

"Ni ban sani ba," uwar Monita ta karɓe. "Ni dai na san na turo ɗa da haƙora cikakku an dawo min da shi da giɓi. Yaron da aka ba amanar aji. Wata bakwai yana ciyo muku kofi, ladansa ke nan? A ce mace, mace fa, ta ɗauki katako?"

"Uwargida, a yi haƙuri," in ji Bakanike. "Laifi namu ne. Na zo ne in ba da haƙuri."

"Haƙuri yana tsiro da haƙori?"

"Ba ya yi."

"To ka riƙe abinka."

Shugaba ta ɗaga hannu. Ta buɗe littafin ta juya shi kowa ya gani.

"Ga shafin ajin. Tun farkon shekara babu ƙara ko ɗaya a kan Monita." Idonta ya kai ƙasan shafin, ta ɗaure fuska. "Wannan na yau ne, bayan abin ya faru aka rubuta. Ba ya cikin lissafi. Doka a fili take. Jini ya fita, babu ƙara kafin nan, kora."

Ta zaro takarda daga fayil. An riga an buga ta, da hatimi, da sa hannunta. Layi ɗaya ya rage a ƙasa.

"Malamin aji, sa hannunka ya rage. Shaida ce cewa ba a taɓa kawo maka ƙara ba."

Ta turo takardar da biro.

Bakanike ya juyo yana kallonsa, ido cike da roƙo. Har da ɗan gyaɗa kai, wai ga lokacin sa bakin ya zo.

Malamin Lissafi ya ɗauki biron. Sa hannun da yake yi sau hamsin a rana ne, ko daƙiƙa biyu ba ya ci. In ya yi, ƙarfe tara da rabi yana aji yana koyar da kusurwa. Malamar Kimiyya ta ce ba za ta faɗa ba. Yarinya kuwa ko ta yi ta faɗa har gobe, uban da ya haife ta ma bai yarda da ita ba.

Ya sa bakin biron a kan layin.

Bai kalle ta ba, amma yana ganin hannunta ta gefen ido. Ta riƙe bayan kujerar babanta, ba ta taɓa shi ba, yatsunta kusa da kafaɗarsa.

"Malam, lokaci," in ji Shugaba.

Ya ajiye biron.

"Ba zan iya ba."

"Biron ne ba ya yi?"

"An kawo min ƙara."



Shugaba ta cire tabarau a hankali.

"Malam, ina ga ka gaji. Ka fita ka sha iska, mu yi magana ni da kai daga baya."

"Ranki ya daɗe, in na fita ba zan faɗa ba. Na san kaina."

"To ka san me kake shirin faɗa? Malamin da aka kawo wa ƙarar cin zali ya ɓoye, ba maganar kujerar Mataimaki ake ba. Maganar aikinka ake. Sai na kai rahotonka sama, ba ni da yadda zan yi. Kana da iyali. Ka yi tunani."

"Wata biyu ina tunani."

Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro takardun uku, ɗaya ta faɗi ƙasa, ya sunkuya ya ɗauko. Ya jera su a kan farin shafin.

"Ta rubuto min sau uku. Ga kwanan wata a kan kowacce. Ta ƙarshe ta roƙe ni in sa a littafi don sauran malamai su sani. Ban sa ba. Da na sa, Malamar Kimiyya ba za ta ba shi makulli ba. Ni na koya musu su kawo ƙara. Ta kawo, na sa a durowa."

"Saboda me?" in ji uwar Monita.

"Saboda kada shafin ya ɓaci."



Bakanike bai motsa ba. Yana kallon takardun kamar wanda aka nuna wa injin da bai taɓa kwancewa ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya miƙa ta baya ta saman kafaɗarsa bai waiwaya ba.

"Uwata. Karanta min."

Ba ta karɓa ba. Daga inda take tsaye ta faɗe ta da ka, tun daga Malam har zuwa saura kai, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba.

Ya dawo da takardar ya ajiye a hankali. Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci Malamin Lissafi.

"Malam."

"Na'am."

"Jiya a bakin get sau nawa na tambaye ka?"

"Sau biyu."

"Na biyun na ce maka me?"

"Ka ce in tuna da kyau, don ba ta saba yi maka ƙarya ba."

"Ka ce?"

"Na ce ban ga komai ba."

"Na riƙe hannunka da hannu biyu yau da safe. Na yi maka godiya."

Malamin Lissafi ya sunkuyar da kai. Ya so mutumin ya tashi ya shaƙe shi, ya so ya zage shi ta uwa ta uba. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ni in na ɗaure wa mutum birki ban ƙarasa ba, ba na barinsa ya hau titi," in ji Bakanike. "Ko zai zage ni sai na ce masa ban gama ba. Ni da ban yi aji ɗaya ba."

"Ka yafe min."

"Ba ni za ka roƙa ba. Ni ma layi zan bi a bayanka."

Ya miƙe ya juya wajen 'yarsa. Ƙaton mutum, ya tsaya a gabanta yana murza hannuwa.

"A gaban ƙannenki na faɗa," ya ce da ƙyar. "A gabansu zan janye."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Ta sa bayan hannu ta share da sauri.

Shugaba ta jawo takardar korar ta mayar cikin fayil, ta rufe da ƙarfi.

"To. Tunda haka ne magana ta canja. Yarinya ta tafi hutun mako ɗaya. Malam, ka miƙa ajinka ga Malamar Kimiyya kafin a tashi, ka jira takarda. Shi ke nan, an gama, kowa ya..."

"Ba a gama ba," in ji uwar Monita. Muryarta ta sauka amma ba ta saki ba. "Yanzu so ake a ce ɗana ne azzalumi, a rufe magana a kai. To ni ina da tambaya. Ke yarinya, zo nan."

Lauya ta matso.

"Na ji kin rubuta wa malaminki bai kula ba. Shi kaɗai ne malami a makarantar nan? In da gaske abin ya dame ki, me ya hana ki kai ƙara gaba kafin ki ɗauki katako?"

"Wannan ba ya cikin zaman yau," Shugaba ta ce da sauri. "Lokaci ya..."

"Na kai," in ji Lauya.

Malamin Lissafi ya ɗago kai.

"Kin kai wa wa?" in ji uwar Monita.

"Takarda huɗu na rubuta. Uku na ba Malam. Da na ga shiru, ta huɗun na kawo ta ofishin nan ranar Litinin da safe."

"Kika ba masinja?"

"A'a."

Ta juya ta kalli Shugaba.

"Hannu da hannu na ba ta."